Shekarar da Na Kwanta a Ƙasa Don Hoton Kyanwa

Da sunan Allah nake ci gaba, Shi da Ya ara mini kwana har na kawo wannan babi.

Ku 'ya'yana, duk sanda kuka haɗu da Sallah aka zo kan labarin ciwon mahaifiyarku, sai in ji kuna cewa, ai Baba akwai dabara, zanen kyanwa ya sa aka yi mata, shi ne ta yarda ta tafi Kaduna. Ina jin ku, amma shiru nake yi, don tuwo yana gabana kuma ba na son dogon zance a kan abinci. Amma ba haka aka yi ba. Dabarar ba tawa ba ce, kuma ba zanen ne ya ɗaga ta daga unguwarmu Kwaciri ba. Tunda yanzu idona ya daina ganin kafar allura, alƙalami kawai ya rage mini, bari in faɗa muku yadda abin ya gudana, don ku san wanda za ku riƙa yi wa addu'a.

A shekarar nan gidan ya riga ya zama fayau. Ummi, 'yar farinmu da ta ci sunan mahaifiyata, tana Kaduna da mijinta, tana aikin jinya a asibiti. Bashir yana Legas, Auta tana karatu a Maiduguri wajen dangin mahaifiyarku. Daga ni sai Hajiya sai Taliya. Jikokina da ba su riske ta ba, Taliya kyanwa ce, ja mai farin ƙirji, kunnenta na hagu a tsage tun wani faɗa da ta yi a kan katanga. Lokacin da Hajiya take da ɗan kanti a zaure, takan saro kaya a Kasuwar Singa, to a cikin wani kwalin taliya da aka buɗe ne aka tsinci 'yar mitsitsiyar kyanwa tana kuka. Na ce a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Hajiya ta ce, to Alhaji. Kun dai san wannan "to" ɗin nata. Kyanwa ta shekara goma da wani abu a gidana, tana cin kan kifina, tana kwana a kan hular da na ajiye. Da Barbarci Hajiya take yi mata faɗa, da Barbarci take lallashinta, don kakanninta daga Borno suka zo suka zauna a Fagge, kuma harshen bai bar bakinta ba. Ni in na ce "kis" da Hausa ko kallona ba ta yi.

Wata safiya bayan sallar asuba Hajiya ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, butar ta faɗi, ita ma ta bi ta. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Da aka sallamo mu daga asibiti, ƙafa ba ta takawa, hannu yana kwance inda aka ajiye shi, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta yi gumi kafin ta fito. Matar da muryarta take kaiwa bakin titi in tana kiran mai ruwa. Likita ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa watannin farko su ne na neman sa'a, in ana gasa mata jiki ana motsa gaɓoɓin kullum za ta iya tashi, in kuwa aka bari gaɓoɓin suka sandare, to sai dai haƙuri. Ummi ta ce a kawo mata ita Kaduna. Akwai abokiyar aikinta mai gasa jikin marasa lafiya a bayan layinsu, akwai mota, akwai masu ɗagawa. Magana ɗaya ce, ɗanta Khalifa yana da asma, gashin kyanwa kuwa shi ne babban abin da yake tayar masa da ita. Taliya ba za ta je ba.

Ranar da Ummi ta durƙusa ta yi mata bayani, Hajiya ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ɗora hannunta mai lafiya a bayan kyanwar da take kwance a gefenta, ta ce:

"A'a."

Tun da ta kwanta ba ta taɓa faɗin kalma tas kamar wannan ba. Ta juya fuska bango. Daga ranar abinci ya zama rigima, koko cokali biyu ta rufe baki. Ƙanwata, Gwaggonku Hauwa, wadda ta tare a gidan don jinya tunda mijinta ya rasu, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, ba abin da ya canza. Dukanmu muka taru a kan magana ɗaya, cewa saboda kyanwa ne. Ummi ta koma bakin aikinta tana share hawaye, kwanaki suna tafiya, hannun nan kullum ƙara nauyi yake. Ni kuwa yadda na ga mahaifina yana duba mara lafiya haka nake yi. Da safe in tsaya a bakin ƙofa da hulata a kai, in ce, "Hajiya, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jikin? Allah Ya ƙara sauƙi." In ba Hauwa kuɗin cefane da na magani, in wuce shago. Da dare in sake tsayawa a wurin. Jinya ta mata ce, namiji nasa nema ne, haka muka taso muka gani, ga kuma Babbar Sallah ta doso, shaddodin mutane sun cika mini shago har saman teburin yanka.

A cikin wannan hali ne na bi ta Sabon Gari sayen zare, na ratse wajen Mista Emeka. Shi ne ya rubuta mini allon shagona tun ina da keken ɗinki ɗaya. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi tawa gishiri. Ya fara da zanen allon masu aski da bayan manyan motoci, da girma ya zo gwiwa ta ƙi hawa tsani, sai ya koma zana mutane a kan ƙyalle, yawanci iyayen da suka mutu, 'ya'yansu su kawo hoto ya fitar musu da babba. Matarsa, Mama Ngozi, tare suke saro kaya da Hajiya a Singa shekara da shekaru, kuma ta zo dubiya har sau biyu da lemo da ayaba. Na zauna a benci ina ba shi labari, ina cewa ka ji fa, mace da hankalinta za ta zaɓi kyanwa a kan ƙafarta.

"Alhaji Tela," in ji shi, "kar ka raina abin da mara lafiya ya riƙe. Bari in zana mata ita, babba, yadda ko daga kan gado za ta gan ta. Ta tafi da ita Kaduna. Zane ba ya tayar da asma."

Na ce ba gara a wanke hoto kawai a ƙara masa girma ba?

"Hoto abin da ya gani a daƙiƙa ɗaya yake ba ka. Ni kuwa zan ɗauki ido a wannan, in ɗauki launi a wancan, in ɗauki zama a wani, in haɗa mata kyanwar da ta sani. Amma ƙafata ba za ta kai ni Kwaciri ba, kuma kyanwa ba ta zama wa baƙo. Kai za ka kawo mini hotuna masu kyau."

Na taɓa aljihu, ya ɗaure fuska, ya ce in na sake ba zai yi ba. Ba zan ɓoye muku ba, na san abin da malamai suke faɗa a kan zanen abu mai rai, kuma na kwana ina juya shi a raina. Daga ƙarshe na ce in kuskure ne Allah Ya yafe mini, Ya san ba don ado nake yi ba.

To, ku ji yadda muka fahimci "hotuna masu kyau" ni da Gwaggonku. Mu a wajenmu hoto ba abin wasa ba ne. In za a ɗauke ka, sai ka yi wanka, ka sa kayan Sallah, ka je shagon mai hoto, ka miƙe ƙyam ka haɗe rai. Hauwa ta ce kyanwar Hajiya ba za ta shiga hoto da dauɗa ba, mutane su ce ba a kula da ita. Ta dafa ruwa, ta kama Taliya ta cuɗe ta da sabulun wanki, kukan da aka yi ranar har maƙwabta suka leƙo. Ta ɗora ta a kan kwando ta turara ta da turaren wuta na Borno, wai don ƙamshi, sai ka ce hoto yana da hanci. Ta ɗiga mata lalle a goshi, ta ɗaura mata jan ribon a wuya. Ni ma na zura babbar riga, ban san dalili ba, tunda ba ni za a ɗauka ba. Muka sa ta a kwali muka huda, muka hau Adaidaita Sahu har shagon wani mai hoto a bakin titi. Mutumin ya saki labule mai hoton dutse da ruwa yana gangarowa, ya ajiye kujerar amare, ya kunna fitilu. Da muka buɗe kwali, Taliya ta yi tsalle ɗaya ta haye saman labulen. Da ƙyar muka sauko da ita, na danne ta a kujera da hannu biyu, mai hoto yana ta watsa mata walƙiya a ido. Na dawo gida da karce tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, babbar rigata ta tashi daga aiki. Kyanwa ta shige ƙarƙashin gado ta yini ba ta fito ba, Hajiya kuwa kallon da ta yi mini ranar ba ya bukatar harshe.

Washegari na kai wa Emeka hotunan da alfaharina. Ya sa tabarau ya duba. Idanu sun fito kore shar ba ƙwaya a ciki, kunnuwa sun kwanta, baki a buɗe, gashi ya mimmiƙe, ga hannuwana biyu a wuyanta. Ya yi dariya har sai da Mama Ngozi ta fito daga ciki ta ga ko lafiya.

"Alhaji, wannan in na zana shi na kai wa Hajiya, ai sai ciwon ya ƙaru. Wace ce wannan? Ɓarauniya aka kama a kasuwa?"

Na ce wanka fa aka yi mata, har da turare.

"Shi ne ai. Kun wanke mini kyanwar, kun kawo mini tsoro. Ajiye mai hoto, wayarka ta isa. Goge idon kyamarar da bakin rigarka, ka kashe fitilar nan kar ta ƙara haskawa. Da safe za ka yi, rana ta fito amma ba ta yi zafi ba, a inuwar baranda, hasken ya zo daga gefe ko daga bayanka. Kar ka kira ta, kar ka riƙe ta, kar ka jawo hoton da yatsa, in kana son kusa ka matsa da jikinka. Ina ta fi son kwanciya?"

Na ce a jikin Hajiya.

"To a can za ka same ta. Sannan babban abin, kar ka ɗauke ta daga tsaye. In ka tsaya a kanta, ƙeya da gadon baya kawai za ka kawo mini. Sai idonka ya zo daidai da nata."

Na ce kyanwa fa a ƙasa take.

"To ka kwanta a ƙasan."

Na dube shi in ga ko wasa yake. Ni Alhaji guda, mai yara goma sha a shago, da tumbina da furfurata, in kwanta rub da ciki a tsakar gida gaban ƙanwata. Ya ce shi dai ya gama magana, kuma ba ɗaya ko biyu yake so ba, masu yawa, fuska, gefe, ido, tafin ƙafa, jela, tsagaggen kunnen ma kar in ɓoye shi, don da shi Hajiya ta san ta.

Haka aka fara. Da hantsi ni da Hauwa mu ɗauko Hajiya da katifarta mu fito da ita baranda, mu jingina ta da matashi. Tun da ta dawo daga asibiti ban taɓa ɗaga ta da hannuna ba sai a lokacin, kuma na tsorata da yadda ta zama ba nauyi. Ranar farko na tuɓe hula, na tattare riga, na durƙusa, gwiwoyi suna ƙara, na miƙe a kan siminti da waya a hannu. Hauwa ta toshe baki da mayafi ta gudu kicin. Na ɗaga kai, sai na ga kafaɗar Hajiya tana rawa, rabin bakinta ya ɗage. Dariya take yi mini. Wata biyu rabon da in ga haƙoranta. Taliya kuwa da ta hango ni sai ta tuna mai hoto, ta haye katanga ta zauna tana lasar hannu, ranar ko jelarta ban samu ba.

Na gane aikin nan ba na gaggawa ba ne. Kyanwa ba ta san Sallah ta matso ba, ba ta san wani ɗan kasuwa yana jirana a shago da shaddarsa ba. Sai in kwanta in yi shiru in jira ta manta da ni. To mutum ba zai yi ta kwanciya kusa da matarsa kamar gungume ba, dole ya yi magana. Na shiga ba ta labarin shago, wanda ya kawo yadi huɗu yana son babbar riga da wando da hula, da yaron da ya ɗinke aljihu ta ciki. Na ba ta labarin wanda ya mutu da wanda ya aurar a unguwa. Wani lokaci ta ce "uhm", wani lokaci ta yi ƙoƙarin kalma in tsaya har ta fito. Daga ƙasan nan na ga abubuwan da ban taɓa gani daga bakin ƙofa ba. Na ga ƙafarta ta dama ta fara lanƙwashewa ciki. Na ga yadda take ɓoye mataccen hannun a ƙarƙashin zani in wani ya yi sallama. Na ga Taliya in ta sauko, ba ta zuwa ko'ina sai kan wannan hannun, ta kwanta a kansa ta lumshe ido tana gurnani. A nan na samu hotunan. Haske ya sauka a gefen fuskarta, jan gashin ya fito da ainihin launinsa, idon ya zama ruwan zuma kamar yadda yake. Na ɗauka daga gaba, na ja ciki na koma gefe, na matsa har gashin bakinta yana taɓa waya. Wasu sun girgiza don hannuna yana rawa, sai na koyi kafa gwiwar hannu a ƙasa in riƙe numfashi. Kwana da kwanaki ina haka, ba na isa shago sai azahar ta kusa, Sani babban yarona na shago yana ta ba mutane haƙuri. Abinci dai har lokacin ba ta ci sai kaɗan, maganar Kaduna kuwa ko an ɗauko ta sai ta rufe ido.

Da na ga waya ta cika, na kai wa Emeka. Ya karɓa, ya jawo kujera bakin ƙofa inda haske yake, ya shiga turawa da babban yatsa yana gyaɗa kai.

"Yawwa. Yanzu ka kawo kyanwa. Ga ido, ga kunne. Wannan da ta ɗora haɓa a hannun Hajiya, shi zan bi."

Ya ci gaba da turawa. Can sai na ga ya rage sauri, ya koma baya, ya sake dawowa gaba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Da yake ni ba gwani ba ne, kusan kowane hoto na haɗo da Hajiya a ciki, wani rabin fuska, wani ido ɗaya a can kusurwa.

"Alhaji, zo ka zauna nan."

Na zauna.

"Ni aikina kallon inda ido yake kallo. Duba nan. Kyanwa tana kallon wa?"

Na ce Hajiya.

"Hajiya fa?"

Ya tura na gaba, ya tura na gaba, ya tura na gaba. Amsar tana gabana. Ko a hoto ɗaya ba ta kalli kyanwar ba. Hannunta yana kanta, amma idonta yana kan mai riƙe da waya.

"Da aka ce za ta Kaduna," in ji shi a hankali, "an ce mata kai ma za ka?"

Na ce ni da shago? Kuma a ina zan zauna, gidan suruki?

Ya tura hotunan da yake so cikin wayarsa, ya miƙo mini tawa, ya ce zane zai ɗauki lokaci don fenti sai ya bushe kafin a ɗora wani, in gaida Hajiya. Daga Sabon Gari har Kwaciri a ƙafa na taho ranar, ban ma tuna akwai abin hawa ba. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ban taɓa kwana a wani gari ba tare da ita ta haɗa mini jaka ba, amma da aka zo shirya tafiyarta, aka lissafa mota, aka lissafa mai gasa jiki, aka lissafa har kyanwa, ni ban sa kaina a lissafi ba, kuma ba wanda ya sa ni. Ita kuma ko da harshenta lafiya lau, kun san ba macen da za ta buɗe baki gaban 'yarta da ƙanwar mijinta ta ce ba ta iya rabuwa da miji ba ce. Abin da kunya ta bar mata ta riƙe shi ne kyanwa, shi ta riƙe.

Washegari da hantsi muka fito da ita baranda kamar kullum. Na aiki Hauwa sayen kifi. Na zauna a ƙasa ba waya a hannuna. Ta dubi hannuna, ta dube ni.

Na ce, "Hoto ya ƙare, Hajiya. Emeka ya ce sun yi."

Sai na ga fuskarta ta faɗi. Ta ɗauka zaman ne ya ƙare.

Na ce, "Tambaya zan yi miki. Kadunan nan, in da ni za a je, in zauna har a gama, za ki?"

Ta daɗe tana haɗa kalmar.

"Shago?"

Na ce Sani ya isa riƙe almakashi, ya daɗe da isa.

"Mutane."

Na ce su yi ta faɗa, ai sun riga sun ji labarin ina birgima a tsakar gida saboda kyanwa, me ya rage?

Ta rufe fuska da hannu mai lafiya, ta yi kuka mai yawa, irin wanda ba ta yi ba ko a asibiti. Ni ma ba zan ce muku idona a bushe yake ba. Da Hauwa ta dawo, Hajiya ta nuna kwanon koko da kanta.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Mutanen da suka shekara ashirin suna kawo mini ɗinki sun ji haushi na bar su ana gobe-gobe Sallah, wasunsu ba su sake taka shagon ba. A majalisa an yi da ni son rai, cewa Alhaji ya tare a gidan suruki, har wani aminina ya same ni a keɓe ya ce in tuna da girmana. Zaman ma da nauyi, ɗakin baƙi na bayan gida suka ba mu, ni da mijin Ummi muna ta kauce wa juna a hanyar masallaci, shi kunya ni kunya. Watannin da na ce za mu yi suka zama shekara biyu, kuma da muka dawo ban sake zama a kan keken ɗinki ba, shagon ya zama na Sani. Har yau in na ji ƙarar almakashi a kan shadda sai in waiwaya. Amma mahaifiyarku ta taka da sanda, ta yi sallah a tsaye, ta yi mini faɗa da cikakken harshe, ta ga auren Auta, muka ƙara shekara tara tare kafin Allah Ya karɓi abarsa. Zanen ya same mu a Kaduna daga baya, an naɗe shi a buhu, ta hannun wani direba. Ya yi kyau ƙwarai, har tsagar kunnen, ta sa aka jingina shi inda take gani. Taliya ta zauna da Gwaggonku Hauwa, sun shirya bayan maganar wanka, a hannunta ta mutu da damina ta biyu. Emeka ma ya riga ni tafiya. Na je gidan na zauna da iyalinsa kwana uku. In kun bi ta Sabon Gari ku nemi Mama Ngozi ku gaishe ta, ku durƙusa har ƙasa, don abin da mijinta ya yi mana ba a saye shi da kuɗi. Na gode wa Allah da Ya haɗa ni da shi.

Ranar tafiyar, mijin Ummi ne ya zo da mota da kansa. Maƙwabta sun cika ƙofar gida. Muka ɗauko Hajiya muka zaunar da ita a baya, aka tattare ta da matasai. Hauwa ta kawo Taliya bakin taga, Hajiya ta shafa kanta, ta faɗa mata wata magana da Barbarci da ban ji ba, ta janye hannu. Surukina ya buɗe mini ƙofar gaba, ya rusuna, don nan ne wurin babba. Har na sa ƙafa ɗaya, sai na ji an ce daga baya, a hankali, da harshe mai nauyi:

"Alhaji."

Na fitar da ƙafata, na zagaya na shiga baya, mutane suna kallo. Ta kama hannun rigata ta damƙe, a gaban suruki, a gaban unguwa. Har muka wuce Zariya ba ta saki ba, ni kuma ban janye ba.